Hawan Dutse Don Marayu: Me Ɗalibi Ke Saukowa Da Shi?

   'Yan jami'a da 'yan kwaleji, yau zancen naku ne. Ku ɗan ajiye wayar nan, ku ba ni aron kunnuwanku.

Za mu fara da Birtaniya, don a can ne al'adar da zan yi magana a kanta ta fi kafuwa. Daga baya sai mu dawo gida.

A yawancin jami'o'in ƙasar akwai ƙungiyar ɗalibai da ba ta da wani aiki sai tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi. An fi saninta da sunan RAG. Tsohuwar al'ada ce, ta kai shekara ɗari. Da can mako guda ake warewa. Ɗalibai su yi shigar ban dariya, su bazu a titi da gwangwanaye, suna karkaɗa wa masu wucewa. Yau abin ya zama aikin shekara guda cur. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A jami'ar Loughborough akwai shekarun da abin da ɗalibai suka tara ya haura fam miliyan 1.

Salon da ya fi tashe yanzu shi ne ɗalibi ya ɗora wa kansa wani jan aiki, ya fito ya shelanta. Ya ce, jama'a, zan yi kaza, kuma abu ne mai wuya. In kun ga na cancanci goyon baya, ku ba da abin da ya sawwaƙa. Kuɗin ba nawa ba ne. Na marayu ne, ko na masu cutar daji, ko na ƙauyen da ba shi da ruwan sha.

Wani gudun fanfalaki zai shiga, irin wanda ake yi a Landan tun 1981, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai. Wani zai ce zai hau dutse mafi tsawo a Ingila, da na Wales, da na Scotland, duka ukun kafin rana ta zagayo. Akwai ma wani wasa da suke kira fasa gidan yari. A sallami ɗalibai biyu-biyu ko uku-uku daga ƙofar jami'a. A ba su awa 36. A ce su yi nisa iya ƙarfinsu, amma kada su taɓa ko kwabo daga aljihunsu. Sai roƙon direbobi, sai lallashin masu tikiti. Wasu kafin wa'adi ya cika sun tsallaka teku. Gagarabadau a cikin waɗannan duka kuwa shi ne hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, mita 5,895.

To, ga inda zancen yake. Masu shirya waɗannan tafiye-tafiye ba da lada kaɗai suke jawo ɗalibai ba. Suna ce musu, ku shigo, wannan zai taimake ku samun aiki in kun gama. Jami'o'in ma haka suke faɗa.

Shin gaskiya ne?

A ganina gaskiya ne. Amma ba a wurin da ake nuna mana a hoto ba. Hoton da muke gani shi ne na yaro a ƙololuwar dutse, ya ɗaga tuta, yana murmushi. Ba a nan ya koyi aikin ba. A ƙasa ya koye shi, cikin watannin da ya yi yana neman kuɗin. Ku riƙe mini wannan, jama'a, don zan yi ta dawowa kansa. Ba dutsen ne malamin ba. Neman kuɗin ne, da riƙon amanarsa.

Bari mu bi ɗalibi guda, mu ga yadda shekararsa ke tafiya.

A farkon zangon karatu ya sa hannu. Tafiyar sai dogon hutu. An yanka masa adadin da zai tara, dubban fam, an kuma raba masa wa'adi. Kaza ga wata kaza, sauran kafin a sayi tikiti. In ya gaza, babu tafiya. Ya buɗe shafinsa a intanet, a irin su JustGiving, ya aika wa dangi. Makon farko abin gwanin daɗi. Uwa ta bayar, kawu ya bayar, abokai sun jefa 'yan canji. Ya ce ashe abin babu wuya.

Mako na uku shiru. Dangi sun ƙare. Ko rubu'in kuɗin bai haɗa ba.

Daga nan ne karatun ke somawa. Yanzu dole ya tunkari wanda bai san shi ba. Ya rubuta wa manajan babban kanti wasiƙa, yana neman a ba su ranar Asabar su tsaya a bakin inda ake biyan kuɗi, su riƙa zuba wa masu sayayya kaya a leda, mai niyya ya jefa wani abu a bokiti. Wasiƙar farko ba amsa. Ta biyu ma haka. Sai ya gane wasiƙar ce ta yi tsawo, kuma bai faɗi ranar da yake so ba. Ya gyara. Ya tashi ya je da ƙafarsa. Ya koyi faɗin buƙatarsa cikin minti ɗaya, don manaja ba shi da minti biyu.

Ya fita titi da bokiti cikin sanyi. Mutane suna wucewa kamar ba su gan shi ba. Wani ya harare shi. Wani ya tsaya ya ce, ta yaya zan san kuɗin zai isa inda ka ce? Ranar farko yaro ya daburce. Kafin wata guda yana da amsa, kuma amsar ta gaskiya ce, don ya koma ya bincika.

Ina so mu ɗan daɗe a nan. Akwai abin da ba a koyarwa a aji, ko a jami'a mafi tsada. Shi ne a ce maka a'a, kada ka yi fushi, kada ka karaya, ka yi godiya, ka juya ga na gaba. Mai tallar inshora da wannan yake ci. Ɗan jarida mai neman hira da wannan yake ci. Haka mai neman kwangila, haka mai neman jari. Ɗalibin da aka ce wa a'a sau ba adadi a bakin titi, ranar da kamfani ya ƙi ɗaukarsa ba zai kwanta ciwo ba. Zai rubuta wa wani kamfanin.

Sai batun lissafi. Ya ce zai sayar da kek a harabar makaranta. Ya sayi fulawa da sukari da ƙwai, ya kwana yana gashi. Da yamma ya ƙirga, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Karo na gaba sai ya je ya roƙi mai kanti ya ba da kayan kyauta, a rubuta sunan kantin a allo. Kun ga ya koyi ciniki. Ya kuma gane cewa yawan zirga-zirga daban, riba daban.

Dokar ƙasar ma tana koya masa nata darasin. A Birtaniya ba a fita titi neman taimako haka kawai. Sai da izinin hukumar yankin. Gwangwani ko bokitin a rufe yake, da hatimi, mai riƙe da shi ba ya buɗewa. In an tashi, a buɗe a gaban shaida, a ƙirga, a rubuta, a kai wa hukuma bayani. Akwai kuma wani tsarin haraji da ake kira Gift Aid. In mai biyan haraji ya ba da fam 1, ya kuma cike 'yar takarda, ƙungiyar agajin za ta karɓi ƙarin kwabo 25 na kuɗinsu daga gwamnati. Ɗalibin da ya yi sakaci da wannan takarda ya yi wa marayu asarar rubu'i. Sau ɗaya zai yi, ba zai sake ba.

Ga kuma zama da jama'a. Ba shi kaɗai ba ne, tawaga ce. A cikinta akwai mai baki ba aiki. Akwai wanda ya yi alkawarin kawo lasifika, ranar taro wayarsa a kashe. Babu wanda ake biya albashi, don haka babu wanda za a yi wa barazanar kora. Jagoran tawagar ɗan shekara ashirin ne. Da me zai sa su aiki? Sai lallashi, sai raba aiki daidai, sai ya fara sa hannunsa kafin ya ce wani ya sa. Wanda ya iya tafiyar da 'yan sa-kai, tafiyar da masu albashi ba za ta gagare shi ba.

Dutsen fa? Ba na raina shi. Kusan mako guda ake yi ana hawa. Iska tana raguwa, kai yana sarawa, abinci ba ya shiga. Daren ƙarshe da tsakar dare ake tashi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora. Wasu suna juyowa ba su kai ba. Mai ci gaba kuwa, sau da yawa abin da ke tura shi shi ne tunanin mutanen da suka ba shi kuɗinsu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kun ga ko a kan dutsen ma, amanar da ya ɗauko daga ƙasa ce ke aiki.

Yanzu mu shiga ɗakin intabiyu, mu ga inda wannan ke amfani.

Manyan kamfanonin can suna da irin tambayar da suka fi so. Ba su tsaya ga me ka karanta ba, don takardar shaidarka tana gabansu. Cewa suke yi, ba mu labarin wani lokaci da aiki ya cuɗe maka, ka gaya mana yadda ka yi. Ko, ba mu labarin ranar da ka shawo kan wanda ya ƙi yarda da kai.

A ce ɗalibai biyu ne, digirinsu iri ɗaya, makinsu ɗaya. Na farko ya ce, ni mai haƙuri ne, ina son aiki da jama'a, ba na gajiya. Kowa ma zai iya faɗin haka. Na biyu ya ce, saura mako biyu wa'adinmu ya cika, mai zauren da za mu yi taro ya janye. Na kira wurare da dama, na samu wata makaranta ta ba mu nata kyauta. Na sake raba aiki, muka sanar da jama'a, muka cike giɓin. Ga abin da muka tara, ga takardar ƙungiyar da ta karɓa.

Jama'a, in ku ne masu kamfanin, wa za ku ɗauka?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Ku dubi yadda maigida a Kantin Kwari ke gwada yaronsa. Ba ya miƙa masa makullin shago ranar da ya zo. Aike zai fara yi masa da ɗan kuɗi kaɗan, ya ga ko canji zai dawo daidai. Sannan ya bar shi da kwastoma mai gardama, shi yana gefe yana kallo. A hankali har ya kai ga ba shi jari. Matsalar ɗan jami'a ita ce shekara huɗu yana aji, babu wanda ya taɓa aikensa da kuɗi. Tara kuɗin agaji shi ne aiken nan. Yana fitowa da shaidar cewa an ba shi dukiyar mutane, ya kai ta inda aka ce.

Kada wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce kawai. Ɗalibai Musulmi na can suna da tasu. A farkon shekarun 2000 wasu ɗaliban jami'o'in Landan suka fara ware mako guda a shekara don tara wa marayu da yara mabuƙata kuɗi. Suna kiransa Charity Week, ana yin sa wajen ƙarshen Oktoba. Su ma suna hawan dutse, suna fita da bokiti, suna gwanjon kek a liyafar dare, ƙungiyar wannan jami'a na gasa da ta waccan. Yau ya bazu har Kanada da Amurka da Afirka ta Kudu. Kuɗin yana bi ta hannun Islamic Relief, wadda ke aiki a ƙasashe da dama, har da Nijar da Mali da Sudan. Ita kanta ƙungiyar a Birmingham aka kafa ta a 1984, lokacin yunwar da ta addabi sassan Afirka. Wani likita ɗan Masar mai ƙarin karatu a can, Dakta Hany El-Banna, shi da abokan karatunsa suka fara ta. Gudummawar farko kwabo 20 ce ta kuɗin Ingila, daga hannun wani yaro ɗan'uwansa.

To, na yabi abin. Yanzu bari in juya shi, don yana da baya.

Abu na farko da ke damuna shi ne kuɗin tafiyar. A irin hawan Kilimanjaro, ba duk abin da aka tara ke isa ga mabuƙata ba. Wani kaso mai tsoka, wani lokaci har kusan rabi, yana tafiya a kuɗin jirgi da masauki da 'yan jagora. Ƙa'idar tara kuɗin agaji a can ta ce a gaya wa mai bayarwa haka. Amma tsohuwar da ta jefa kuɗinta a bokiti, ta ji wannan bayani kuwa? Masu sukar abin suna cewa yawon buɗe ido ne aka yi wa rigar sadaka. Masu kare shi suna cewa, in ba don tafiyar ba, da ɗalibin bai tara ko sisi ba, rabin da ya isa ya fi babu. Duka biyun suna da hujja. Ni abin da na tsaya a kai shi ne a faɗa wa mutane gaskiya tun kafin su sa hannu a aljihu. Ɗalibin da ya ɓoye wannan, ya koyi talla, bai koyi amana ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa a hoton. 'Yan dako, 'yan ƙasar Tanzaniya. Su ke ɗaukar tanti da abinci da tukwane. Ƙa'ida ta ce kada kayan mutum guda ya wuce kilo 20. Su wuce baƙo a hanya, su riga shi isa zango, su kafa masa tanti, su dafa masa shayi. Baƙo ya hau sau ɗaya, ya rubuta a CV ɗinsa cewa shi jarumi ne. Ɗan dako yana hawa yana sauka duk kaka, babu kamfanin da ya kira shi intabiyu. Wannan ma ya ishe mu gane cewa ba hawan ne ake saye ba.

Sai bambancin gida. Ɗan mai hali ya aika saƙo ɗaya, abokan babansa su cike masa adadin a dare guda. Ya je ya dawo, bai tsaya a titi ko sau ɗaya ba. Me ya koya? Ɗan talaka kuwa, da yake aikin dare a kanti don ya biya haya, ba shi da lokacin shiga. Alhali shi ne ya fi sanin wa'adi da lissafi da haƙuri da kwastoma. Mai ɗaukar aikin da hoton dutse ya ruɗe shi, ya bar wannan yaro ya wuce, shi ya yi asara.

Na san kuma akwai tambayar da ke ran wasunku tun ɗazu. In yaro ya yi aikin alheri don ya samu aiki, ina ladan? Ba riya ba ce? Wannan fagen malamai ne, kuma sun sha yi mana bayani a kan niyya. Ni dai abin da na lura da shi kaɗan ne. Wanda ya shiga don hoto kawai, ba ya jure watannin wahalar. In ma ya jure, a ɗakin intabiyu tambaya biyu ke tona shi, don ba shi da labarin bayarwa. Wanda ya shiga don marayun, ƙwarewar biyo shi take yi ko bai nema ba. Faɗin abin da ka iya ga mai neman ma'aikaci kuwa, ban ga aibinsa ba, in dai ba ka ƙara gishiri ba.

Yanzu mu dawo gida.

Wannan al'ada ta iso mu tuntuni. A manyan makarantun Najeriya da dama akwai ranar da ɗalibai ke sa tsummokara, su shafa wa fuska abin da suka shafa, su tare mararraba da gwangwani. Rag Day suke ce mata. Daga Birtaniya muka gaje ta. Mun ɗauko shigar, mun ɗauko gwangwanin. Abin da sau da yawa muka baro a can shi ne hatimin da ke kan gwangwanin, da ƙirga a gaban shaida. Yamma ta yi, kowa ya watse, ba a ji inda kuɗi ya shiga ba. In haka ne, ba a koyi komai ba sai maula. Kuma direban da aka tare yau, gobe in masu gaskiya suka zo, gilashinsa zai ɗaga.

Amma kada mu yi wa yaranmu kuɗin goro. Da yawansu suna aikin da ya fi hawan dutse. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ke nan tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da na 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, duk suna yi. Buɗa-baki a asibiti da azumi. Ɗinkin sallah ga marayu. Biyan tarar fursunan da ɗan kuɗi kaɗan ya hana shi fita. Ɗaliban likitanci su je ƙauye su duba marasa lafiya kyauta. Da ambaliya ta ci Maiduguri a watan Satumban 2024, mun ga yadda matasa suka tashi, suna tara abinci da tufafi da kuɗi ta wayoyinsu.

Zuciyar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutu. An yi aiki, an gaji, an samu lada in Allah ya karɓa. Amma ka tambayi yaron bayan shekara biyu, nawa kuka tara, nawa kuka kashe, mutum nawa suka amfana? Sai ya ce, wallahi da yawa. Ita "da yawa" ba ta shiga takardar neman aiki. Ƙungiyoyin agajin da ke ɗaukar ma'aikata a arewa maso gabas da sauran wurare, abin da suke tambaya ke nan. Ka taɓa aikin sa-kai? Ka iya rubuta rahoto? Ka iya kare kasafin kuɗi?

Don haka, ɗalibai 'yan'uwana, ba sai kun je Tanzaniya ba. Wasan fasa gidan yarin nan ma kada ku kwaikwaya, hanyoyinmu ba su ba da wannan damar ba a yanzu. Ku duba kusa. Akwai famfon tuƙa-tuƙa a unguwar da ke bayan makarantarku, ya shekara a lalace. Ku fara zuwa wurin mai unguwa ku tambaya, shi ne abin da ya fi damun mutane, ko akwai wanda ya fi shi? Ku kira mai gyara ya faɗi kuɗi. Ku yanka wa kanku wa'adi. In kuna son abin da zai ja hankali, ku shirya tattaki a cikin gari da izinin hukuma, ko gasar ƙwallo tsakanin sassa, ko musabaƙa, ko kacici-kacici.

Sannan ku tsare kuɗin. Kada ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da shi ne limaminku. A samu mutum biyu masu sa hannu, da malami guda mai duba littafi. In na mara lafiya ne, a biya asibiti kai tsaye, a karɓi rasit. A ƙarshe a fito da lissafi fili, har kuɗin mota da na ruwan sha. Kuma don Allah, ku daina ɗaukar hoton fuskar mara lafiya ko maraya kuna yaɗawa. Rasit ya isa shaida. Mutumin da kuka je taimako yana da mutuncin da ya kamata ku rufa.

'Yan mata, kada ku tsaya a girki da rabon abinci kawai. Ku karɓi ma'aji, ku karɓi sakatare, ku karɓi shugabancin kwamiti. Masu yi wa ƙasa hidima, ku ma ranar aikin raya al'umma da aka ware muku ba ta sa hannu a rajista ba ce kawai. Dama ce irin wannan, an ba ku ita shekara guda.

Ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba. Wannan ba tikitin aiki ba ne. Guraben sun yi kaɗan, kuma mun san yadda "wa ka sani" ke aiki a ƙasar nan. Da yawanku ma kanku za ku ɗauka aiki. To, a nan ɗin ma abin da kuka koya ne zai yi muku rana. Yadda za ku tunkari mai kuɗi ba kunya ba rawar murya. Yadda za ku raba uwar kuɗi da riba. Yadda za a ba ku bashi a karo na biyu, don na farko ya dawo a kan lokaci. Ba dutsen ne malamin ba, na faɗa tun farko. Neman kuɗin ne, da riƙon amanarsa.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, iyaye da masu hannu da shuni da ke sauraro. Wata rana ɗalibi zai yi muku sallama da takarda a hannu. Kada ku kore shi, kuma kada ku miƙa masa kuɗi kawai don ya tafi. Ku ba shi wurin zama. Ku tambaye shi wa zai amfana, nawa ake nema, wa ke riƙe da asusun, yaushe za a gama. In ya amsa, ku ba shi abin da kuka yi niyya, ku ce ya dawo muku da lissafi. In ya kasa amsawa, ku ce ya je ya shirya ya dawo, ƙofa a buɗe take. In kuma ya dawo da lissafin nan daidai, Alhaji, Hajiya, ku rubuta sunansa da lambarsa ku ajiye, don wata rana za ku nemi ma'aikaci.

A nan za mu dakata. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.